Teodosia da Lambun Juji

A bayan motar dankali Teodosia Pariona ta shigo Lima, tana da shekara goma sha tara, da goyon wata huɗu. Lokacin ana kashe-kashe a duwatsun Ayacucho. Masu bindiga iri biyu ne suke zuwa ƙauyensu, waɗannan su zo yau su tambayi wa ya ba waɗancan abinci, waɗancan su zo jibi da irin wannan tambayar. Mijinta na fari daga gona aka tafi da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yaron da ta goyo kuma bai cika shekara ba gudawa ta ɗauke shi a wani ɗakin haya a tsakiyar birni. Ba ta cika ba da wannan labarin ba. In an matsa mata sai ta ce, "Kowa a tudun nan da nasa," ta ci gaba da feraye dankalinta.

Shekara shida ta yi tana wanki da guga a gidajen masu hali. A can ta koyi Sifaniyanci, don da harshen Kecuwa kaɗai ta zo. A motar haya ta haɗu da Nicanor, wani birkila mara yawan magana, wanda ya yi wata uku yana tashi yana ba ta kujera kafin ya iya tambayar sunanta. Da suka yi aure sai suka bi ayarin da ya hau tudun Santa Rufina da tabarmin kara da sanduna. Kowa ya kafa ɗakinsa a kan yashi ya zauna jiran 'yan sanda. Sau biyu aka rushe, sau biyu aka sake kafawa, a na uku hukuma ta gaji. A nan ta haifi 'ya'ya uku, Hermelinda kaɗai ta rayu.

Duk wanda ya tashi a Santa Rufina ya ci abinci daga hannun Teodosia. Ita ce a kan tukunyar gayya, wadda matan unguwa suke ɗorawa kullum a wata rumfar kwano kusa da coci, kowace ta kawo abin da ta samu, a dafa a raba. Shekara ashirin da wani abu tana riƙe da ludayin. Abokiyar aikinta Zenobia ce, mai sayar da kayan cikin kaji, mace mai jiki da murya, wadda ta riƙe Hermelinda ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre. Faɗansu ba ya ƙarewa, amma ba a taɓa ganin ɗaya ta ɗora tukunya babu ɗayar ba.

Masu son ciyar da mutanen unguwar ba su taɓa yanke ƙafa daga tudun ba. Na farko sun zo da farar mota da huluna iri ɗaya. Suka kafa allo mai hoton tumatir, suka raba iri da shebur da tiyo, aka ɗauki hoto. Tiyon aka rasa inda za a jona shi, don babu famfo ko ɗaya a unguwar, ruwa sai na tanka, tankar ma sai ranar da direba ya ga damar hawa. Wata biyu shukar ta ƙone. Allon dai ya yi amfani, shi ne ƙofar banɗakin Don Hilario, shugaban unguwa, har yau. Na biyun suka zo da fararen bututu, suka koya wa mata shuka latas a cikin ruwa babu ƙasa, ana zuba masa wani magani daga kwalba. Ya yi kyau kuwa. Da wa'adin aikinsu ya cika suka tafi, maganin ya ƙare, aka gano sai a wani kanti can cikin birni ake samunsa.

"Dama mene ne latas?" in ji Zenobia ranar da ake rabon bututun don a yi magudanar wanka. "Mutum ya wuni yana dakon siminti, ki tare shi da ganyen da ko ɓeran Masar ɗina in ya ci sai ya dube ni."

Shi ya sa da wata budurwa ta hau tudun a ƙafa, ta ce sunanta Maritza, ta karanta aikin gona, wata ƙungiya ce ta turo ta, babu wadda ta ɗaga kai. Maritza ta ja bokiti ta kife ta zauna, ta ɗauki wuƙa ta shiga feraye. Kwana uku tana zuwa tana haka. A na huɗu Teodosia ta gaji.

"Injiniya, ina allonku?"

"Ba ni da allo, Doña Teodosia."

"Hular fa?"

"Ita ma babu."

"To ki daina yi mana ɓarnar dankali, rabi kike zubarwa da ɓawo. Me kike so?"

"So nake in ji abin da za ku shuka in da ku ne da wuƙa da nama."

Teodosia ta ajiye ludayi. Ita da ta iya kaftu tun tana shekara bakwai, a shekara talatin ɗin da ta yi a birni ba a taɓa tambayar ta ko ta san ƙasa ba. Ta ce abin da zai shiga tukunya za su shuka, albasa da alayyafo da kabewa da karas da barkono. Ta ce amma kada a kawo musu ƙwayar iri ko ɗaya sai an san inda ruwa zai fito, kuma kada a yi maganar ruwa sai an sami filin da ba za a wayi gari wani ya ce na kakansa ne ba.

Fili shimfiɗaɗɗe ɗaya ne tak ya rage a Santa Rufina, wato jujin da ke bakin kwazazzabo a gindin tudu. Tun kafin a kafa unguwar ake zubar da shara a wurin, ba wanda ya san tun yaushe. Taron unguwa ya ba matan shi a rubuce. Don Hilario yana sa hannu yana dariya.

"Ku ɗauka, mamita. In kun haƙo zinariya ku tuna da ni."

Mata goma sha huɗu suka yi wata bakwai suna kwasar juji, galibi da hannu, don safar da aka kawo ba ta kai mako biyu ba. Sun haƙo kwalabe, tayoyi, ƙasusuwan karnuka, katifu da suka ruɓe. Can ƙasa kuma suka tarar da wasu baƙaƙen akwatunan roba, ɗaruruwa, duk a farfashe, da wani gari mai launin toka a cikinsu. Suka kwashe aka kai gaba. Waɗanda ba su lalace sosai ba Teodosia ta ce a bar su, aka jera su suka zama iyakar fangali, abin gwanin kyau.

Nicanor ya gina tanki a ranakun Lahadi bayan an taso daga coci. Maritza ta sa aka kafa babbar raga a ƙwanƙolin tudu, inda hazon teku yake sauka a watannin sanyi. Hazon ya ratsa ragar ya zama ɗigo, ɗigon ya bi bututu ya gangaro tanki. Bututun ma na masu latas ne, gida-gida aka bi aka karɓo. In zafi ya zo hazo ya ɗauke, ruwan wankin shinkafa da na ganye na tukunyar gayya suke tacewa a durom mai yashi. Taki kuwa daga kashin ɓeran Masar, wanda kusan kowane gida yake kiwo, da ɓawon dankali. Ba abin da sai an je birni an nemo.

A shekara ta biyu lambun ya kama. Wanda bai taɓa zama a inda babu ko ciyawa ba ba zai gane abin da ya faru da mutanen unguwar ba. Maza suna dawowa daga aiki sai su tsaya a bakin shinge su yi ta kallo kamar ana wasan ƙwallo. Miyar tukunya ta canja launi. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa auna yara ta ce ƙarancin jini ya ragu. Maritza ta gama wa'adinta aka mayar da ita wani gari, lambun bai ko girgiza ba, abin da bai taɓa faruwa da wani aiki a tudun ba. Iyaye mata suka riƙa kawo ƙananan yara suna ajiye su a tsakanin fangali, don nan kaɗai ne babu mota babu kare. A nan Nayeli, 'yar Hermelinda, ta yi rarrafe, a nan ta fara tafiya, tana dafa baƙaƙen akwatunan nan. Ƙasa kuwa yarinyar ta sha cusa ta a baki har ba adadi. Teodosia takan sa yatsa ta ƙwaƙulo mata daga baki tana dariya, tana cewa jikar manoma ce.

Da annobar korona ta zo aka rufe gari, masu aikin yini suka zauna a gida babu ko sisi. Farin ƙyalle ya fara bayyana a kan rufin ɗakuna, alamar gidan babu abinci. Tukunyar da take ciyar da mutum sittin ta koma ciyar da fiye da ɗari biyu. Akwai makonnin da ba a sami komai daga waje ba sai buhun shinkafa da ƙafafun kaji da Zenobia take roƙowa a kasuwa. Sauran duk daga lambun ya fito. Kabewa da alayyafo suka riƙe Santa Rufina wata biyar.

A cikin watannin nan Nicanor ya kwanta. Hermelinda ta kwana biyu a layin masu neman tukunyar iska, kafin layi ya zo kanta Nicanor ya cika, da hantsi, yana zaune a jingine da bango don kwanciya ta gagare shi. Mutum huɗu aka bari suka raka shi. Washegari Teodosia ta sauko rumfa ta ɗaura ƙyallen hanci ta karɓi ludayi. Zenobia ta ce ta koma gida.

"In koma in yi me, komadre? In kalli takalmansa?"

Bayan annoba ta lafa Maritza ta dawo, ta ƙara jiki, ta yi aure. Ta zo da albishir: akwai kasuwar masu sayen ganyen da ba a fesa wa magani ba, in matan suka sami takardar shaida za su riƙa kai rarar amfaninsu can. Takardar tana bukatar a gwada ƙasa. Ta ɗebi ƙasa a leda daga wuri shida, da ganye, ta tafi da su.

Bayan mako uku ta hau tudun da rana tsaka, lokacin an gama rabon abinci. Ba ta shiga rumfa ba. Ta aika aka kira Teodosia, suka zauna a kan murfin tanki. Takarda na hannunta, ta naɗe ta har ta yi laushi.

"Doña Teodosia, waɗannan akwatunan, kin san ko na mene ne?"

"Na juji ne."

"Baturan mota ne. Da can wasu suna farfasa su a nan, su narkar da dalmar ciki su sayar. Garin nan mai launin toka, dalma ce. Ta cika ƙasar. Tana cikin alayyafo, tana jikin karas. Ta ninka abin da aka yarda da shi sau da yawa."

"Dalma tana kisa ne?"

"Babba yakan daɗe bai ji komai ba. Yara take kamawa. Tana shiga jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yaro ya yi jinkirin magana, karatu ya yi masa wuya. Abin da ta riga ta taɓa ba ya dawowa."

Teodosia ta dubi lambun. Kabewa ta nuna, albasa ta kwantar da ganye, jibi ne ranar cira. Nayeli ta shiga shekara ta shida, kalmominta ba su fi a ƙirga ba, kuma kowa yana cewa halin kakanta ta ɗauko, shi ma ba mai magana ba ne.

"Ba a gwada ta tun farko ba ne?"

Maritza ta fara kuka. Ta ce ta rubuta a shekarar farko tana neman a gwada, ofis suka ce babu shi a cikin tsarin aikin, a bari sai zagaye na gaba. Ta ce ta ga shuka ta yi kyau sai ta manta, ko kuma ta bar kanta ta manta.

"Share hawayenki, Injiniya. Ke kin manta. Ni da hannuna na jera su."

Zenobia kaɗai ta gaya wa a ranar, suna wankin tukunya. Zenobia ta daɗe tana kankare gindin tukunyar kafin ta yi magana, kuma a hankali ta yi, abin da ba halinta ba.

"Wa ya sani bayan mu?"

"Injiniya."

"To a bar shi a nan. Shekara bakwai muna ci, wa ya faɗi? Ki dube ni, na yi kama da wadda guba ta kama? Mu daina sa karas, mu cire akwatunan a hankali, a zuba sabuwar ƙasa a sama."

"Ta ce ba ya isa."

"Ta ce, ta ce. Jiya ita ce ta ce mu shuka. Komadre, kin san abin da zai faru. Hilario shekara uku yana zagaya filin nan kamar kare da mahauta. Ranar da kika buɗe baki, ranar zai yanka shi fuloti-fuloti. Kuma mutanen nan da kika ciyar, su ne za su fara jifan ki."

"Na sani."

"To?"

Teodosia ta ɗauraye hannunta ta tafi gida. Kwana uku ta dafa shinkafa da wake babu ganye ko ɗaya, ta ce wa masu tambaya tsutsa ce ta shiga lambun. Ta sa kwaɗo a ƙofar shinge ta rataya makullin a wuya. A rana ta uku ta hango wata mata ta ɗaga ɗanta ta tsallakar da shi shingen don ya yi wasa a ciki kafin ta gama shanya. Teodosia ta gangara da gudun da gwiwoyinta suka daɗe ba su yi ba, ta fizgo yaron, ta wanke masa hannu da ruwan tanki yana tsala ihu. Uwar ta tsaya tana kallon ta kamar ta ga mahaukaciya.

Ranar Lahadi a taron unguwa ta miƙe. Ba ta taɓa magana a taro ba sai a kan itace da gas. Ta faɗi abin da takarda ta ce, da Sifaniyanci, sannan ta maimaita da Kecuwa saboda tsofaffi. Maritza ta tsaya kusa da ita ta faɗi nata laifin. Nan take kowa ya fara magana a lokaci ɗaya. Wani ya ce a kai ƙungiyar kotu. Wani ya ce ƙarya ce, so ake a ƙwace filin. Wata yarinya mai ciki, wadda Teodosia ta yi wata biyar tana ƙara mata ganye a kwano saboda cikin fari, ta matso har gabanta.

"Kullum sai kin ce in ƙara. Ci, 'yata, ci saboda yaron. Haka kike ce mini."

"Haka na ce," in ji Teodosia.

An gwada jinin yara arba'in da ɗaya. Goma sha bakwai dalmar ta yi yawa a jikinsu. Ta Nayeli ce ta biyu a yawa. Likitar da ta gwada su ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa daga abinci ne ba, ta fi zargin ƙurar wurin da ƙasar da yaran suka yi ta sawa a baki. Wasu wannan ya sanyaya musu rai game da tukunya. Teodosia kam bai rage mata komai ba, don ita ce take cewa a kawo su su sha iska.

Hermelinda ba ta yi mata faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta haɗa kayanta a buhu uku, ta ce za su koma wurin dangin mijinta a arewacin birni, kusa da asibitin da za a riƙa duba yarinyar. Teodosia ta ɗauko musu buhu ɗaya har bakin titi. Da mota ta tsaya sai Teodosia ta ce, "'Yata, ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba, Mama. Ba na iya kallon wurin ne kawai." Ta ɗaga Nayeli ta sa a mota. Yarinyar ta manna fuska a gilashi tana kallon kakarta, ba ta ɗaga hannu ba.

Matan suka tumɓuke lambun a yini biyu. Daga cikin goma sha huɗu, tara ne suka zo. Zenobia ta zo, ita ta fi kowa aiki. Suka tara kabewa da albasa da alayyafo tsibi guda, tsayinsa ya kai ƙirji, suka lulluɓe da leda suka danne da duwatsu, suka yi gadinsa bi da bi har motar da Maritza ta nemo ta zo, don akwai waɗanda suka ce su dai a ba su, yunwar yau ta fi musu ciwon da ba sa gani.

Ƙungiyar ta aiko da wasiƙar ba da haƙuri, da alkawarin za a kwashe ƙasar a kawo wata. Ba a kwashe ba. Maritza ta ajiye aikin. Kafin shekara ta zagayo abin da Zenobia ta faɗa ya tabbata: Don Hilario ya ce tunda ba a noma filin, takardar matan ta mutu. Aka ja igiya aka yanka shi gida ashirin da biyu, aka sayar wa baƙi, mutanen da suka taso daga daji da waɗanda haya ta kora daga cikin gari. Teodosia ta tare shi a ƙofar coci.

"Don Hilario, ka gaya musu abin da ke ƙasan?"

"Mamita, gida za su gina, ba miya za su yi da ita ba."

Tukunyar gayya ta ci gaba, amma layin ya ragu, kuma akwai gidajen da har yau ba sa aiko da kwano in sun san ita ce a kan ludayi. Ta bar wa Zenobia rabo, ta koma feraye a baya.

Wata takwas ba ta taɓa ƙasa ba. Sannan wata Asabar Maritza ta zo, ba da sunan kowace ƙungiya ba, mijinta ya ɗauko mata buhu huɗu na ƙasa daga gonar surukanta a kwarin Lurin. Teodosia ta dubi buhunan daga bakin ƙofa.

"Ina takardarsu?"

Maritza ta ciro ta miƙa mata. Teodosia ba ta iya karatu sosai ba, ta sa aka kira Zenobia ta karanta mata layi-layi, har da hatimin. Sai da aka gama ta matsa aka shigo da su.

Yanzu akwatunan katako take shukawa, irin waɗanda 'yan kasuwa suke zubarwa bayan sun sayar da mangwaro. Tana shimfiɗa leda a ciki, ta ɗora su a kan bulo a gangaren bayan ɗakinta don kada su taɓa ƙasan tudun. Mata huɗu suke yi tare da ita, akwati sittin da 'yan kai. Abin da suke samu bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba, albasa ce da ganyen miya na kwana biyu a mako. Duk buhun ƙasa ko taki da zai shigo sai an gwada, ko a bar shi a titi. Wasu masu farar mota sun zo bara suna son su ɗauki hoton akwatunan su sa a littafinsu na ayyukan da suka yi nasara. Ta ce su fara sauka ƙasa su ɗauki hoton gidaje ashirin da biyun nan. Ba su sauka ba.

Nayeli tana aji biyu, ta maimaita aji ɗaya. Sau ɗaya a wata Teodosia take shiga mota uku ta je ta gan ta. Ba ta kai musu komai daga akwatunan, ba a hana ta ba, ita ce ba ta kaiwa.

A watan jiya, tana saukowa za ta kasuwa, ta ga kabewa ta yaɗu a ƙofar ɗaya daga cikin sababbin gidajen, ganye shar, har ta fara fure. Ƙasar wurin shekara bakwai ta sha taki, komai aka jefa sai ya fito. Ta tsallaka ta kama gindin ta tumɓuke. Matar gidan ta fito da wuƙar yankan kifi a hannu, wata 'yar siririya mai suna Lucinda, daga garin Pucallpa na yankin daji, da yara uku a bayanta.

"Ke tsohuwa, lafiyarki? Me kabewata ta yi miki?"

Teodosia ta gaya mata komai, a tsaye, da shukar a hannu. Lucinda ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta taɓa jin ƙishin-ƙishin, ta ɗauka hassada ce ta mutanen saman tudu.

"To yanzu in yi yaya? In ɗauki ɗakin a ka in kai ina?"

"Ban ce ki tashi ba. Kada ki shuka komai a ƙasan nan. Kada ki bar ƙaramin yana rarrafe a waje. Ki yayyafa ruwa kafin ki yi shara, ki wanke musu hannu kafin su ci abinci, kowane lokaci."

Lucinda ta yi wata 'yar dariya. Ta nuna durom ɗin da ke bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa, ya yi ƙara irin ta abin da babu komai a ciki.

"Tanka tun ranar Talata ba ta zo ba, Doña."

Washegari Teodosia ta sauko mata da akwati ɗaya, da ƙasarsa da dashen albasa, ta ɗaure shi a baya da mayafi kamar goyo, tana hutawa a kowace kwanar hanya. Ta sake hawa ta sauko da jarka biyu daga ruwan raga. Lucinda ta karɓa ta yi godiya, ta ɗora akwatin a kan bulo yadda aka nuna mata. Ruwan kuma ta juye jarka ɗaya a tukunya ta ɗora shinkafa, ɗayar ta ajiye don sha. Ƙaramin yaron yana zaune a ƙofar gida da cokali, yana haƙa rami. Teodosia ta ɗauke shi ta sa a kan tabarma, ta karkaɗe masa hannu da gefen siket ɗinta. Kafin ta kai bakin hanya ya sauka ya koma wurin raminsa.